Maɗacin Ƙofar Ajina

Litinin, 16 ga Yuni, da hantsi

Yau na kori babban mutum da gatarinsa, kuma ko kaɗan ban ji kunya ba.

Na iso makaranta na tarar da shi yana saran maɗacin da ke ƙofar ajina, yana tara sassaƙen a hularsa. Na ce, bawan Allah, me bishiyar nan ta yi maka? Ya ce zazzaɓi ke damun matarsa. Na ce Allah ya ba ta lafiya, amma ka sauke gatarin nan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wajen matan da ke girki ya tambaye su ko ni ce mai makarantar. Suka ce Malama Bara'atu ce, mai koyar da bayoloji. Ya ce to, shi bai san bayoloji ta hana shan magani ba.

Da baki an ce makarantarmu a rufe take, amma ba ta taɓa cika irin yanzu ba. Tun da mutanen ƙauyukan Gayam suka gudo wa 'yan bindiga suka shigo gari da tabarminsu da tukwanensu, kowane aji ya zama gida. Ajina, inda na yi shekaru ina zana ganye a allo, yanzu zannuwa ne a shanye a kan allon. Ni kuma na tattaro 'yan matan aji shida da suka rage a gari, muka dawo gindin maɗaci. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya isa ya hana ni.

Bayan ya tafi na zagaya bishiyar. Gabas an feɗe ta har inda hannun dogon mutum zai kai. Yamma haka. Kudu an fara taɓawa. Arewa ce kawai ɓawonta ke nan lafiya. In aka haɗe zagayen nan, maɗacin ya gama yawo, kuma a duk harabar nan shi kaɗai ne inuwa.

Talata, 17 ga Yuni, bayan La'asar

An yi ruwa mai kyau. Mazan da ke zaune a baranda suka zuba masa ido. Manomi da ruwan shuka a gabansa ba gona, ban taɓa ganin fuska irin wannan ba.

Na goge takalman Maigida na aikin daji, na mayar da su bakin ƙofa inda yake ajiye su. Tun da 'yan bindiga suka ɗauke shi a hanya, sai ji-ta-ji-ta kawai ke iso mana.

Alhamis, 19 ga Yuni, bayan Azahar

Ɗakin kimiyya yanzu tsofaffi ne ke kwana a ciki, don haka yau da kwanon sha na yi darasi. Na dama jar galura a ruwa, na tsoma karan alayyahu da ganyensa tun da safe. Da rana ta take na yanka karan da reza, na miƙa wa yaran. Ga ɗige-ɗigen ja nan a jere a cikin karan, har jijiyoyin ganyen sun fara ja. Lailatu, mai bakin ajin, ta ce alayyahun ya yi lalle.

Na ce musu ga hanyar ruwa nan kun gani da idonku, zailam kenan. Saiwa tana da ƙananan gashi masu tsotsar ruwa daga ƙasa, ruwan ya bi wannan hanya ta cikin itace ya hau har ganye. Ganye ne madafa, shi ke haɗa abinci da hasken rana. To abincin ta ina zai sauko wa saiwa, wadda ke cikin duhu ba ta iya dafa komai? Ta wata hanya daban, fulowem, kuma ita ba a cikin itace take ba, a manne take da cikin ɓawo. Ruwa ya hau ta ciki, abinci ya sauka ta ɓawo. Na sa suka maimaita har matan da ke daka suka fara amsawa tare da su.

Sai na nuna musu maɗacin. Na ce duk wanda ya ɓare wannan zagaye, bai hana ganye ruwa ba, saiwa ya hana abinci. Bishiyar za ta yi wata da watanni kore shar, ana zama a inuwarta, alhali saiwarta na mutuwa da yunwa a ƙasa.

Wata mata da ke hura wuta ta arewacin bishiyar ta bar muciyarta ta matso tana saurare. Sunanta Martha, ana kiranta Maman Grace, Bagwariya ce daga can wajen Gayam. Ta ce, "Malama, ashe itace ma yana jin yunwa." Na ce sosai. Ta ce to ita ta san yunwa.

Juma'a, 20 ga Yuni, da safe

Munzali ƙanin Maigida ya zo. Da can in ya shigo da tsokana yake shigowa, yana neman ragowar tuwo. Yanzu sallama yake yi sau biyu, ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo.

Ya ce, "Matar Yaya, dangi sun ce a zauna a yi magana."

Na ce a kan me?

Ya ce, "Kin sani."

Na ce ban sani ba, kuma ina da darasi. Na bar shi da kofin koko a hannu.

Lahadi, 22 ga Yuni, kafin Magariba

Na je na sami Baba Yero, tsohon da ke haɗa wa mutanen nan magani. Yana zaune a bayan ofishin shugaban makaranta yana shanya saiwoyi a kan buhu. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na zazzage masa abin da ke raina, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ya bar ni har na gaji.

Ya ce, "'Yata, ni ban taɓa kudu ba, ban taɓa arewa ba. Sassaƙen magani gabas ne da yamma. Haka na gani wajen ubana, shi ma haka ya gani. Na kudu da na arewa itacen wuta ne kawai."

Sai na ji daɗi ya kama ni. Na ce, Baba, ka san dalili? Don a bar wa bishiya hanya biyu da abinci zai sauka ne! Ya girgiza kai. Ya ce a'a, don rana ce, inda take fitowa da inda take faɗuwa, nan ƙarfin yake. Muka yi ta ja, shi bai sauka ba ni ban sauka ba. Daga ƙarshe ya ce dalilina nawa ne, nasa nasa ne, hannun dai ɗaya yake tsayawa.

Amma ya ce yanzu ba mai tambayarsa. Uwa in jikin ɗanta ya yi zafi ba ta neman gabas. Kowa da wuƙarsa, kowa ɗan kaɗan yake ɗiba, kowa kuma gani yake ɗan kaɗan ɗinsa ba zai yi komai ba.

Kudu ta tafi rabi.

Talata, 24 ga Yuni, da hantsi

Na zagaya kemis-kemis na bakin kasuwa. Maganin zazzaɓi babu. Motar kaya ba ta shigo daga hanyar Kaduna ba, kuma ba mai cewa ga ranar da za ta shigo. Na kwashe ɗan abin da ke cikin kwabata na kai wa matan ajina. Ko aji ɗaya bai zagaya ba.

Kada wani ya ce ban san abin da mutanen nan ke ciki ba. Na sani. Ina ji a jikina. Amma in sun kashe maɗacin bana, baɗi me za su sassaƙa? A ina za a shimfiɗe marasa lafiya da rana, tunda ajujuwan kwano ne kamar tanda?

Laraba, 25 ga Yuni, bayan La'asar

Na tara dattawansu a gindin bishiyar. Na ce ga rassa can sama, a sa mai ƙarfi ya hau ya saro reshe guda, a ɓare shi tas, ɓawonsa zai ishi mutum talatin, bishiyar kuma ba za ta ji komai ba. Wani ya ce ɓawon reshe ba shi da ɗaci. Na ce taunawa ka yi? Na sa aka karyo ƙaramin reshe, na tauna a gabansu har hawaye ya zubo mini don ɗaci. Suka yi dariya, suka ce Malama jaruma ce, amma magani a jiki yake, ba a reshe ba.

Mutumin nan mai gatari na ranar Litinin ya miƙe ya ce, "Ke da kike kwana a ɗakinki, itace ya fi miki 'ya'yanmu?"

Na ce masa ɗakin nawa ka zo ka ga irin kwanan da ake yi a cikinsa. A fuskokinsu na gane duk sun san zancen Maigida. Haushin kaina ya kama ni da na bari bakina ya kai can.

Da suka watse na samo tsohon kwanon rufi a bayan kicin, na lanƙwasa shi a kan ɓangaren arewa, na ɗaure da waya, na jibga ƙaya a gindi. Maman Grace ta riƙe mini kwanon ina ɗaurewa. Ta ce murhunta a nan yake, ba mai wucewa ba ta gani ba. "Ki je gida, Malama, ni ce soja."

Juma'a, 27 ga Yuni, da safe

An fita da gawa a ƙaramar tabarma daga aji biyu. Ban yi darasi ba.

Juma'a, kafin Magariba

Kudu ta ƙare. Saura abin da ke ƙarƙashin kwano, faɗinsa bai fi tafin hannuna biyu ba. Duk abincin da wannan ƙaton kai yake dafawa ta nan kaɗai yake sauka. Na ɗaga kwanon na shafa wurin. Ɓawon da ke saman raunin, ta gabas da yamma, har ya fara kumbura, abinci ya zo ya tarar ba hanya ya taru.

Maigida in ya zo ɗaukata a babur, ba ya zama a benci, jingina yake yi da bishiyar nan har in tashi yara. Mutum ne da in ya ga an ɓare itace a daji sai ya yini ba ya magana. In ya dawo ya tarar na bari an kashe maɗacin da ke ƙofar ajina, ni mai koyar da bayoloji, da wane baki zan yi masa bayani?

Zai dawo ya tarar da shi a raye.

Litinin, 30 ga Yuni, bayan Azahar

Darasin ganye. Na sa suka ɗaure leda a kan reshen da ke da ganye, kafin mu gama gaisawa da matan girki ledar ta yi gumi. Na ce ga ƙananan ƙofofin da ke bayan ganye suna fitar da ruwa, kuma wannan fitar ita ke jawo wani ruwan daga saiwa, kamar mai zuƙar kunu da tsinke. Suka ɓare fatar albasa suka ɗaga ta a rana, na ce kowane ganye yana da irin wannan fata mai tsare shi.

Lailatu ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, kin ce bishiya tana iya mutuwa ganyenta na kore. To mai ita yaushe zai haƙura ya yarda ta mutu?"

Yarinyar ba ta nufin komai, na sani. Na ce su tafi gida, rana ta yi.

Gabriel mijin Maman Grace yana kwance tun shekaranjiya. Na leƙa shi. Ƙaton mutum, an lulluɓe shi da buhu biyu yana karkarwa, haƙoransa na haɗuwa.

Talata, 1 ga Yuli, da safe

An yanke.

Talata, bayan La'asar

Da safe ban iya rubuta fiye da haka ba.

Ban ma kai ga bishiyar ba Maman Grace ta tare ni a bakin get. Ba ta ɓuya ba, ba ta ce ba ta ga wanda ya yi ba. Wuƙar na hannunta.

Ta ce, "Malama, ni ce."

Na wuce ta na je na duba. An kwance wayar a hankali, an ajiye kwanon a gefe, har ƙayar an tattara ta wuri ɗaya. An ɗebe ɓawon tsaf, fari fat, ruwansa bai ma bushe ba. Zagaye ya haɗu.

Na juyo na ce mata abubuwan da ba zan rubuta ba. Na ce ke da kika tsaya kika ji darasin, ke da kika ce kin san yunwa. Na ce gara a ce mai gatari ne. Na ce ga rassa can, me ya hana ki? Sai da na amayar da duk abin da ke raina.

Sannan ta ce, "Na dafa na reshe jiya, Malama, don maganarki. Zazzaɓin Gabriel bai sauka ba. Da asuba ya daina gane ni. Na san abin da kika koya, na yarda da shi. Amma ke ma da naki ne a kwance a gabanki, da kin yanka."

Na ce nawa ba a kwance yake a gabana ba.

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban ɓoye miki ba."

Na tsane ta yau. Na rubuta don gaskiya ne. Na kuma san da ni ce, da haƙora zan ɓare shi.

Laraba, 2 ga Yuli, da hantsi

Ban je ba. Na share tsakar gida sau biyu. Na goge takalman.

Alhamis, 3 ga Yuli, kafin Magariba

Na tashi da fushi, kuma fushin ya fi kwanciya amfani.

Akwai abin da nake koyarwa duk shekara a layi biyu in wuce, ban taɓa yi da hannuna ba. In an ɓare bishiya zagaye, ana iya yi mata gada. A yanko ɗanyun rassa masu kaurin yatsa, a fiƙe kowane kai, a soka ɗaya a ƙarƙashin ɓawon da ke sama da raunin, ɗayan a ƙarƙashin ɓawon da ke ƙasa. Tsakanin ɓawo da itace akwai wani siririn layi mai santsi, kambiyom, shi ne mai haifar da sabuwar hanyar ruwa da sabuwar hanyar abinci. In na reshe ya kwanta a kan na uwar suka manne, abinci zai bi ta reshen ya tsallake raunin. Kusan irin auren mangwaro ne, sai dai a mangwaro ban taɓa auren da ya fi tsawon yatsa ba, wannan rauni kuwa ta arewa, inda ya fi gajarta, ya kai kamu ɗaya.

Na zo da reza, da ƙananan ƙusoshi, da robar tayar keke, da kyandir. Na rasa mai hawa. Mazan baranda suka ce Malama za ta yi wa itace ɗori, suka gyara zama. Sai ga Maman Grace ta ɗaure zaninta ta kafa tsani. Ban yi mata magana ba, ita ma ba ta yi mini ba. Tana yankowa tana jehowa, ina fiƙewa.

Uku na farko na lalata su. Ɗaya na soka shi kai ƙasa, sai da na ga idon ganyen yana kallon ƙasa na zare, domin reshe ya san samansa da ƙasansa, in an juya shi ba ya kai saƙo. Na yanke yatsa. Da La'asar dai mun kafa tara, duk ta arewa da ɗan gefen kudu. Na ɗiga kyandir a kowane baki, na naɗe da roba, muka shafe da laka don kada su bushe.

Baba Yero ya zo ya daɗe yana kallo, ya taɓa ɗaya da sandarsa. Ya ce shi bai taɓa gani ba. Na ce ni ma haka. Ya tofa addu'a ya tafi, na kuma ce amin da ƙarfi.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan Azahar

Gabriel ya tashi zaune, har ya sha kunu. Ko maɗacin ne, ko allurar da wani ma'aikacin lafiya ya samo ya yi masa ranar Laraba, ko kwanansa ne da saura, Allah masani. Mutanen baranda sun riga sun yanke hukunci, sun ce ɓawon arewa ne, ashe Malama mafi ƙarfin ta ɓoye.

Ya sa aka kira ni. Ya ce, "Malama, an ce saboda ni aka ɓata miki itace. Ki yi haƙuri." Na ce ka sha kununka. Na ji daɗin ganinsa zaune, kuma jin daɗin ya yi mini ciwo.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Kullum sai wani ya nuna mini sama. "Malama, ga gawar taki har da sabon ganye!" Mai gatari ya ce in bayoloji kenan gara da bai yi boko ba. Ina yin kunnen uwar shegu in wuce da bokitin laka. Su kan bishiya suke kallo, ni ƙasa nake tunani.

Da safe laka, da yamma laka. Ruwa ya wanke in sake shafawa. Awaki na so su ci, yara na so su ja. Yanzu ba kwano, ba waya, ni ce a zaune a wurin da littafin darasi a cinya.

Munzali ya biyo ni har makaranta. Ya ce dangi suna magana, wai matar da ke cikin halin da nake ciki ba ta yini a gindin bishiya cikin maza. Na ce wane hali? Ya ce, "Matar Yaya, don Allah." Na ce ka kawo mini wanda ya gani da idonsa. Ba ji-ta-ji-ta ba, ba an ce wani ya ce ba. Kafin nan ni matar aure ce mai zuwa aiki.

Litinin, 14 ga Yuli, kafin Magariba

Huɗu sun yi baƙi sun motse. Na zare su na jefa a murhun Maman Grace. Ta ce, "Saura biyar." Na ce na iya ƙirga. Ita ce magana ta farko da na yi mata tun ranar. Ta zuba mini dafaffiyar gyaɗa a gefen hijabi, na ci.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan La'asar

Munzali ya zo da wani mutum. Ramamme, ƙafafunsa duk tabo, ba ya iya haɗa ido da kowa. Tare da Maigida aka tsare su a can daji, in ji shi. Ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, ya faɗi wanda ya yi sallar. Ya ce da hannunsa ya zuba ƙasa.

Na tambaye shi abu ɗaya da ba mai sani sai wanda ya zauna da Maigida. Ya ba ni amsa daidai.

Na kawo masa ruwa. Ya sha.

Juma'a, 18 ga Yuli, da safe

Na cire 'yan kunne. Na wanke kwalli.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Azahar

Gida cike. Kowa da haƙurin da ya kawo mini, har na rasa inda zan ajiye. Gwaggon Maigida ta zaunar da ni a ƙuryar ɗaki ta karanta mini dokoki: wata huɗu da kwana goma, ba ƙofar gida, ba ɗaga murya, ba kallon titi. Na ce to.

Wani ya ɗauke takalman daga bakin ƙofa. Ban tambaya ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune a ƙurya ina jin sa a kan kwano, abin da nake gani kawai laka tana zubewa daga bakin gadojin nan. Allah ya yafe mini, mata na karatu a tsakar gida don shi, ni hankalina na kan itace.

Ko kuwa duk abu ɗaya ne. Ban sani ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Maman Grace ta zo gaisuwa, ta rufe kanta da mayafin aro. Ta durƙusa ta yi wa Gwaggo ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. Ta ce tana shafa lakar safe da yamma, Gabriel kuma ya kafa shinge. Amma uku sun ƙara bushewa. Biyun da suka rage ba ta gane musu ba, ba su yi baƙi ba, ba su kuma yi komai ba, tana tsoron taɓawa.

Ta ce, "Kuma ɓawon sama ya fara ɗagowa ta gabas, Malama. In za a ƙara wasu, yanzu ne da ruwa ke sauka. Ni ban iya fiƙewar ba."

Gwaggo ta ce me ake ƙus-ƙus? Na ce zancen makaranta ne.

Litinin, 28 ga Yuli, kafin Magariba

Da hantsi na sa tsohon hijabina mai ruwan toka, na ɗauki reza da kyandir da bokiti. Gwaggo ta tare ƙofar ɗaki, Munzali ya tare zaure.

Ya ce, "Matar Yaya, takaba fa kike yi."

Na ce na sani, ni ke yin ta. Na ce na yi karatun Islamiyya kamar kowa, mai takaba tana fita da rana in lalura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ban sa turare ba, ban sa kwalli ba, kafin Magariba ina nan.

Gwaggo ta ce, "Itacen ne lalura?"

Na ce, Gwaggo, shi kun ce in haƙura, na haƙura, don an kawo mini wanda ya zuba ƙasa. Wannan ba wanda ya zuba masa ƙasa tukuna.

Munzali ya daɗe yana kallona. Sai ya matsa gefe, ya karɓi bokitin daga hannuna, ya bi ni a baya har makaranta.

Mazan baranda suka miƙe da suka gan ni. Ba wanda ya nuna mini sama yau. Na durƙusa ta arewa, na wanke lakar da ruwa a hankali, na kwance robar. Na farko na taɓa shi ya zare a hannuna, busasshe. Na biyu na ja, ya ƙi. Na ƙara ja. Bakinsa na sama da na ƙasa duk sun yi wani farin tsiro mai kauri sun manne da uwar, ba a gane inda reshe ya ƙare. Na kankare tsakiyarsa kaɗan da farce. Kore ne, da danshi.

Ɗaya cikin tara. Kaurin yatsa, ga bishiyar da mutum uku ba sa zagaye ta da hannu. Ba zai ishe ta ba, na fi kowa sani. Amma yau da rana wani abu ya sauka zuwa saiwar nan.

Nan na yi kukan da ban yi ba ranar Alhamis ɗin, da goshina a jikin itacen, a gaban kowa, kuma ba wanda ya ce in yi haƙuri.

Da na gama na share fuska, na ce wa Maman Grace ta kafa tsani. Munzali ya cire hularsa ya ce shi zai hau. Na ce masu kaurin yatsa, kuma kada ya juya mini kansu. Mun kafa goma sha biyu kafin La'asar.

Na dawo kafin Magariba, kamar yadda na ce. Gobe da hantsi zan koma.